Allurar Da Na Jefar

A gidanmu a Wusasa ta Zariya ba a mayar da kayan aro yadda aka karɓo su. In kin ari kwano, sai kin sa wani abu a ciki kafin ki mayar, ko da gyaɗa ce cikin tafin hannu. In zane kika ara kika ga bakinsa ya fara zarewa, sai ki kalmashe shi. Mahaifiyata ta taɓa kora ni gidan maƙwabta in karɓo rariyar da na mayar, don kawai na kai ta da igiyar ratayewa a tsinke, alhali a tsinke na aro ta. "To ke ba ki da hannu ne?" Abin da ta ce ke nan. Da wannan tarbiyya na girma, da ita na hau jirgi na zo Manchester, kuma ita ce ta kusa raba ni da 'yata.

Ina aiki kwana huɗu a mako a gidan kula da tsofaffi. Sauran kwanakin ina kan keken ɗinki a falonmu da ke Withington, kuma kusan duk ankon zumuntar mata na cocinmu daga hannuna ya fito. Ban iya ganin zare yana lilo in wuce shi. Maigidana, wanda direban bas ne kuma bakinsa ba ya hutu, yana cewa da zan hango maɓalli yana rawa a rigar fasto ana tsakiyar wa'azi, sai na hau bagade da allura. Ba ƙarya ya yi ba sosai.

'Yarmu tilo a nan aka haife ta. Ta ci jarrabawarta da kyau, ni kuwa na riga na gama shelanta wa matan coci cewa famasi za ta karanta. Sai ga ta wata rana a kicin tana gaya mini wai zane za ta je ta koya a jami'a, irin zanen tambari da fasta da bangon littafi. Na ajiye ludayi. Na ce mata, "Mun baro Najeriya, ina wanke wa tsofaffin wasu jiki, don ki je jami'a ki koyi abin da mai rubutu a bayan gingimari ya iya ba tare da ya taka ƙofar makaranta ba?" Har yau ina jin muryata tana faɗin haka. Ta tattara kayanta ta kama ɗaki a Fallowfield tare da wasu ɗalibai, tafiyar minti goma a bas daga gidanmu. Shekara biyu tana zuwa duk Lahadi bayan sujada, ta ci shinkafa, ta wanke kwanuka, ta tafi, ba ta taɓa ambaton aikinta ba. Ni ma ban tambaya ba, girman kai ya hana ni.

Wata Litinin a shekararta ta uku ta shigo a gaggauce, rungume da wani abu cikin rigar filo. Ta ce tana da ƙawa a ajinsu, 'yar Birmingham wadda iyayenta mutanen Bangladesh ne, kuma su biyun sun samu aikinsu na farko na gaske: za su zana wa wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata a unguwar Sparkbrook da ke can rigar wasa da tambari. Yawancin 'yan wasan 'ya'yan Bengali ne, don haka daga wani tsohon bargon kakar ƙawar tata suke ɗauko zanen.

"Mum, zan iya ajiye shi a nan? Gidanmu akwai damp, danshi ko'ina, kuma housemates ɗina ba su da hankali. Nan ne kaɗai na san it's safe. Ranar Asabar za mu mayar."

Na ce ta ɗora a saman sif. Ta ɗora, ta ruga don kada bas ya bar ta. Na tsaya a falo ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa kyautar kujerar Urushalima. Shekara biyu ke nan, yau ta kawo wani abu na aikinta gidana, ta kuma ce nan ne ta amince da shi.

Washegari ba ni da aiki. Na yi ta kewaya sif ɗin har zuwa hantsi, sannan na ce ai kallo ba laifi ba ne. Na sauke shi na shimfiɗa a kan gado.

Tsofaffin zannuwan sari ne, irin wanda matan ƙasarsu ke yafawa, aka jera kamar biyar, aka bi su da ɗinkin hannu layi bayan layi, har suka zama abu ɗaya mai laushi. Daga baya na ji cewa kantha suke kiransa. Na daɗe ban ga hannu irin wannan ba. Akwai kifaye jere a gefe, da kwalekwale, da furen bado a tsakiya, da wata damisa mai ratsi-ratsi wadda fuskarta ta fi kama da ta magen gida. Na yi dariya, na ce tsohuwar nan ba ta taɓa ganin damisa ba, amma ta san allura. A kusurwa ɗaya kuma ga wata 'yar yarinya da ƙafa ɗaya a sama, gabanta ƙwallo da jan zare. Sai dai ƙwallon ba ta rufu ba. An zagayo da ita, saura kamar faɗin yatsu biyu, aka tsaya. A nan wata allura take soke, da zarenta yana lilo, ta yi tsatsa har ta ɓata ƙyallen da ɗigon ruwan ƙasa.

Ban yi tunanin komai ba sai na gidanmu. Na ce yaran zamani ke nan, sun aro kayan mutane ko dubawa ba su yi ba. Allura a jikin abin rufa! A wurin aikinmu da za a tsinci irin wannan a gadon tsoho, sai an cika takarda shafi uku. Kuma yaya 'yata za ta mayar wa mutane bargo haka, su ce uwarta tela ce amma ba ta da hannu?

Na zare tsohuwar allurar, na zura ragowar jan zaren a tawa. Na tsaya na karanci hannun tsohuwar, tsawon sukarta da yadda take ɗan karkata, don kada a gane inda ta tsaya da inda na ɗora. Sukar allura sau goma sha ɗaya, ƙwallo ta rufu. Na ƙulle ta baya, na datse sauran zaren da almakashi. Ina yi ina waƙar zumunta. Tsohuwar allurar kuwa na naɗe ta a takarda, na manne, na jefa a kwandon shara, kamar yadda aka koya mana. Na ninke bargon na mayar, ina jin kaina uwa ta gari. Ranar Laraba da safe motar shara ta zo ta kwashe.

Ranar Alhamis da la'asar 'yata ta dawo. Ta ci abinci, ta yi ta juya cokali a kwano, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mum, kina so ki gani?"

Ta ciro riga daga jakarta. Koriya ce mai jan wuya, kuma da ka matso sai ka ga kifayen nan na bargon suna iyo a jikinta, ƙanana, an yi su da ɗigo-ɗigo kamar ɗinkin hannu. Ta buɗe 'yar kwamfutar nan tata mai kama da allo, ta nuna mini yadda ta ɗauki hoton bargon, ta bi kowace suka da alƙalamin roba, ɗaya bayan ɗaya, har mako uku. Ƙawarta ta zaɓi launuka ta zana lambobin baya, ita kuma ta yi kifayen da tambari. Tana magana da sauri, Hausa da Turanci suna hawa kan juna, fuskarta tana haske yadda rabon da in gani tun tana firamare.

Sai na dubi tambarin da ke ƙirjin rigar. Jar ƙwallo ce da ba ta rufu ba, da 'yar allura a soke a bakinta.

Har a lokacin ban farga ba. Na ce, "Mai buga rigar nan ya ha'ince ku, bai ƙarasa ƙwallon ba."

Ta yi dariya har da dafa ni. Ta ce a'a, ai labarin ke nan. Ƙawar tata tana 'yar shekara tara take buga ƙwallo da maza a lungun bayan gidansu. Kawunnanta suka yi ta ƙorafi, mahaifiyarta ta hana ta. Kakarta ta wajen uwa, wadda suke kira Nani, ita kaɗai ta ce a ƙyale yarinya, kuma don kowa ya san inda ta tsaya, ta ɗauko bargon da take ɗinkawa ta sa jikar a ciki da ƙwallonta. Wata rana da yamma ta ce ƙirjinta yana ciwo, ta soke allurar, ta ce gobe ta ƙarasa. Aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

"Shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa allurar nan, Mum. Sai da muka yi wata guda muna roƙon mamanta kafin ta yarda ya fita daga gidan. That's the whole point. Ranar Asabar za a rataye shi kusa da rigar a hall, kowa ya ga inda tambarin ya fito."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na riƙe bakin tebur. Ta miƙe ta ce bari ta sauko da shi ta nuna mini, na ce a'a, hannunki da mai, bar shi inda yake. Ta ce gaskiya ne. Ta bar rigar don babanta ya gani, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara igiyar jaka, sannan ta ce, "Za ki zo Birmingham ranar Asabar? Ina so ki zo." Na ce zan zo. Ta rungume ni, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Tana ɓacewa a kwana na fita da silifa cikin yayyafi na buɗe kwandon shara. Na san babu komai, na ji ƙarar motar da kunnena, amma sai da na leƙa, har na kwantar da shi a ƙasa ina dubawa. Ba abin da ke ciki sai ruwa da wani ganye ɗaya. Maƙwabciyarmu Baturiya ta tambaye ni ko lafiya, na ce ɗan kunne na yar.

Ranar Juma'a na kira wurin aiki na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Ba tsoron mutanen Birmingham ne ya fi damuna ba, tunda ban san su ba. 'Yata nake tsoro. Na san yadda za ta ɗauki abin. Za ta ce uwata ta raina aikina tun farko, yanzu kuma ta sa hannu a cikinsa kamar tsumman goge tebur. Kuma in ta sake yin shiru, ban san ko shekara nawa za a yi wannan karon ba.

Sai Shaiɗan ya kawo shawara, kuma ya kawo ta a tsare. Ai ɗinki ana warware shi. Allura kuma duk allura ce. Na zaɓi wata mai tsawon waccan daga gwangwanina, na kankare ta da dutsen goge ƙafa, na jiƙa ta a ruwan gishiri da lemun tsami a cikin faranti, na ajiye a bakin taga. Saura in gane daidai inda tsohuwar ta tsaya, don na yi aikin da kyau har ni kaina na kasa bambance hannunta da nawa. Garin neman gira na rasa ido.

Na shimfiɗa bargon, na ajiye rigar kusa da shi, na sa tabarau na fara ƙirga. Sukar allura talatin da huɗu ce a tambarin. Na ƙirga a bargon daga farko, talatin da huɗu, sannan nawa goma sha ɗaya. Ta bakwai a bargon ta ɗan karkace, na duba rigar, ta bakwai a karkace take. Kusa da ƙarshe sukar tsohuwar ta fara tsawo tana rarrabewa, alamar hannu ya gaji, kuma haka yake a rigar, ba a gyara mata ko ɗaya ba. Har ɗigon tsatsar nan yana nan, ɗan ƙarami, ruwan ƙasa. Na zauna a bakin gado na daɗe. Yarinyar da na ce aikinta na bayan gingimari ne, ta kalli hannun tsohuwar nan fiye da yadda ni tela na kalle shi. Ni na ga abin gyara, ita ta ga mace tana ɗinki da ciwon ƙirji.

Maigidana ya dawo da rana ya tarar da farantin a taga. "Yau kuma miyar allura za mu sha?" Na gaya masa komai, ina jiran ya yi dariya in samu wanda zan sauke wa fushina. Bai yi ba. Ya cire hular aiki, ya dubi bargon, ya dubi rigar.

"To yanzu zanen 'yarki za ki bi ki shirya mata ƙarya?"

Na ce ya ba ni wata dabarar in yana da ita, tunda shi ne mai hankalin gidan.

"Ba ni da ita. Amma yarinyar da ta ƙirga ɗinki talatin da huɗu, kina ganin ba ta san fuskar allurar ba? In ta gane, ba bargo za ki rasa ba."

Na ce masa ya je ya ci abincinsa. Sau uku na ɗauki almakashi ran nan, sau uku na ajiye. Allurar dai ta yi ɗan ja kafin yamma. Na naɗe ta a takarda na sa a jakata, ban warware komai ba, ban kuma yanke shawarar komai ba.

Da safiyar Asabar muka hau jirgin ƙasa a tashar Piccadilly, ni da ita, bargon yana kan cinyarta cikin rigar filo, ta ɗora hannuwa biyu a kai. Ta sayo mini shayi. Tana ta ba ni labarin 'yan wasan, wai mai tsaron gidansu likitar haƙori ce, wai akwai mai buga wasa da ɗankwali kuma ba wanda ke iya kama ta. Ni kuwa ko kurɓar shayin ban yi ba. Duk tashar da muka tsaya sai in ce a ta gaba zan faɗa. Muka wuce Stockport, muka wuce Stoke. Bayan Stafford na ga in ban yi magana yanzu ba, a gaban baƙi za ta gani.

Na ce, "Buɗe bargon nan, ki dubi ƙwallon."

Ta buɗe kusurwar. Ta daɗe tana kallo.

"Ina allurar?"

"Na jefar. Motar shara ta kwashe."

Na fara bayani, na kawo Wusasa, na kawo rariya, na kawo takardar wurin aiki. Ta ɗaga hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Mum, kina da number ɗina. Text ɗaya. Me ya sa ba ki tambaye ni ba?" Ta goge ido da bayan hannu. "Ba ki taɓa tambayata ba. Not once. Kullum kin riga kin sani."

Ta ninke bargon, ta juya fuskarta ga taga, haka muka shiga Birmingham.

A bas ɗin da ya bi da mu Stratford Road ta ce in jira a waje, ita za ta shiga ta faɗa. Na ce a'a, wanda ya yi ɓarna shi ke durƙuso. Titin cike yake da shagunan atamfa da na nama da masallatai, har ya so ya yi mini kama da Tudun Wadan Zariya, kuma da a wata ranar ce da na ji daɗinsa. Muka shiga wani layi na gidaje manne da juna. Ƙawar tata ce ta buɗe ƙofa, doguwa, sanye da rigar ƙwallon, ta ce "Anti!" ta rungume ni tun ban cire takalmi ba. Mahaifiyarta, mace sa'ata mai ƙaramin jiki, ta cika tebur da samosa da shayi mai madara da wani farin alkaki, tana ba ni haƙuri wai ba ta shirya komai ba. Kowane faranti da ta turo gabana sai in ji nauyin ya ƙaru.

Ban zauna a kujera ba. Na karɓi bargon daga hannun 'yata, na durƙusa a kan kafet, gwiwa biyu, yadda ake yi a gida. Suka ruɗe, uwar tana cewa 'yar'uwa tashi, tashi. Na buɗe kusurwar na faɗi abin da na yi da Turancina, ban rage komai ba. Na ce 'yata ba ta sani ba sai yau a jirgi, laifin nawa ne ni kaɗai.

Yarinyar ta sa hannu a baki. Ta dubi 'yata, ta dubi ƙwallon, ta fita da gudu, muka ji ƙafarta a matakala da ƙarar ƙofa. 'Yata ta tsaya jikin bango kamar an dasa ta.

Uwar ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ɗauki kusurwar, ta juya ta baya, yadda duk mai ɗinki ke yi, ta bi ƙullina da babban yatsa. Sannan ta ce, a hankali, "Duk shekara nakan buɗe shi in ce zan ƙarasa mata. Sai in taɓa allurar in kasa. Ita ce abu na ƙarshe da ta riƙe a gidan nan." Ta ɗago. "Ba yadda za a same ta?"

Jakata tana gefena. Na san da zan ciro takardar nan in ce na tsince ta daga baya, matar nan za ta karɓa da hannu biyu ta gode mini. Na ciro ta, na buɗe, na ce, "Wannan ba ita ba ce. Tawa ce. Na jiƙa ta a ruwan gishiri don in yaudare ku, na kasa. Ga ta, don ki san iyakar abin da na yi." Na ji 'yata ta ja numfashi a bayana.

Matar ta kalli allurar, ba ta taɓa ta ba. Hawaye ya gangaro mata, ta share da gefen mayafi. Ta tashi ta buɗe wata durowa, ta ɗauko ƙaramin almakashi ta miƙo mini.

"Hannunki yana da kyau, 'yar'uwa. Amma ba naki ba ne. Cire."

Na ce ina tsoron in wuce nawa in shiga na mahaifiyarta. Sai 'yata ta bar jikin bango. Ta durƙusa kusa da ni, ta buɗe kwamfutarta, ta faɗaɗa tambarin har kowace suka ta kai tsawon yatsa. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Datse ƙullin. Ja a hankali. Ɗaya." Ina ja tana ƙirgawa, har goma sha ɗaya, ta ce, "Tsaya. Wannan ta Nani ce." Na tsaya. Jan zaren ya koma yana lilo, ya fi da gajarta, babu komai a bakinsa. Inda na ɗinka kuma ga 'yan ramuka goma sha ɗaya a jere, in ka ɗaga ƙyallen ga haske za ka gan su.

An rataye bargon a zauren taron da rana, kusa da rigar. Yarinyar ta sauko, idanunta a kumbure, ta yi jawabinta, ta ambaci 'yata a matsayin abokiyar aikinta, ni kuwa ba ta sake duban inda nake ba, kuma ban ga laifinta ba. Daga nan aka tafi fili. Na tsaya can baya cikin sanyi ina kallon 'yan mata goma sha ɗaya suna gudu cikin koriyar riga, iyayensu mata suna ihu da yarensu. Ban san ƙwallo ba, ban ma san wa ya ci ba. Ƙirjinsu kawai nake kallo. Allurar tsohuwar nan babu ita ko'ina a duniya yanzu sai a can, inda 'yata ta zana ta.

Muka dawo Manchester. Lahadi uku ba ta zo ba, ni kuma kullum sai na dafa shinkafar mutum uku. A ta huɗu ta zo. Ta ce ita da ƙawarta suna magana, amma ba kamar da ba tukuna. Tun daga ranar ba ta sake barin komai nata a gidana ba, ko laima ce sai ta koma da ita, kuma ina lura.

Da ta gama cin abinci ta ciro kwamfutar ta ajiye a tebur, ta bar hannunta a kai kamar mai shawara. Sannan ta juyo da ita wajena. Wani sabon zane ne, hular zanna da aka yi da layukan filin ƙwallo, kuma tun kallon farko na ga wani layi da nake ganin ya karkace. Na ji yatsana ya fara miƙewa. Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu.

Na ce, "Gaya mini, mene ne wannan?"